Ranar da Na Ja wa Ɗanjimma Kiɗa

Kai, ɗan samari, aje gular nan! Ba muciya ba ce. Tun ɗazu nike kallonku kuna jibgar gangar nan kamar ta yi muku laifi, kuna ƙyaƙyata dariya, wai mi ke cikin kiɗan noma in ba duka ba. Wancan mai jar hula har cewa ya yi in ya ɗaura sifika bisa babur ya kai bakin gona, to ya gama aikin da na tsufa ina yi. Madalla da kai. Ku matso cikin inuwa ku zauna, tunda yau ba kasuwa, ku ji abin da fatar akuya ke yi wa mutum mai hankalinshi.

Ni makaɗin noma ne, gadonmu ne. Ƙauyenmu na nan tsakanin Sabon Birni da Isa, kuma duk gayyar da anka yi a yankin ina saurayi, in ba ni ke kiɗa ba to baffana ne. Gayya kun san ta ko da a labari: mai gona shi gayyato majiya ƙarfi su taru su yi mashi aiki wuni guda, shi kuma shi ciyar da su. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni, shi ya koya mani, gangar ga ma tashi ce. Kangon itacen alilliba ne, wani masassaƙi na wajen Alkalawa ya fafe shi. Fatar ta macen akuya ce, don ta bunsuru kauri gare ta, muryarta a toshe take. Wanga zaren da ke kwance bisa fatar shi ne tsarkiya, shi ke ba ta zizar da kuke ji har cikin haƙori. Ku cire shi ku buga, sai ku ji kamar ana kakkaɓe buhu.

Damina guda cur na yi ina bin Baffa gona ban taɓa fata ba. Ranar farko gonar wani mutum ce a bakin fadama, ana huɗa, kowa da galmarshi, kowa ya kama kuyya guda, wato kunyar shuka, shina tara wa gero ƙasa a gindi. Baffa ya zaunar da ni gindin aduwa.

Ya ce, "Rufe idonka."

Na rufe.

"Wa ya gaji cikinsu?"

Na ce, "Haba Baffa, ƙaƙa za ni sani ido rufe?"

Sai na ji gula ƙwas bisa kaina. Ya ce, "Kunnuwan nan naka na ado ne?"

Haka munka yi ta yi, ni ina jin haushi, shi ko a jikinshi. Sai wajen ƙarshen damina kunnena ya buɗe. Ashe galmar mai ƙarfi sau guda take shiga ƙasa, cas, ta fito. Ta wanda ya fara gajiya sai ta shiga ta ɗan yi gardama. Kuma mai ƙarfi bayan ya sara shike nishi, gajiyayye kuwa nishin ke rigan saran. Ranar da na nuna mashi gajiyayye ido rufe ban yi kuskure ba, ranar ya rataya mani ganga.

Abin da ya gaya mani bai fi magana uku ba, amma da shi na ci abinci har na tsufa. Ya ce, "Kada ka zo gona da kiɗanka daga gida. Ka fara bin su tukuna, duk inda galma ta faɗi nan gularka za ta faɗi, har su manta wa ke bin wani. Sannan ka ɗan matsa gaba, kaɗan, kamar faɗin gashi. Za su biyo ka. In ka fizge su gaba ɗaya layi watsewa za shi yi."

To ni mutum ne mai son bin diddigi, tun ina yaro ake faɗa da ni a kan haka. Na ce sai na ga iyakar abin nan. Wata rana matan gidanmu suna daka, na zauna bayan zana da ƙwarya a kife, ina ƙwanƙwasa ta da yatsa daidai da faɗuwar taɓarya. Da na ji sun zauna bisa kiɗan sai na riƙa ƙara sauri a hankali. Wallahi sai ga taɓare uku suna bi na kamar na ɗaura masu igiya! Sunka gama dakan da wuri suna haki, Inna tana cewa yau mi ya same mu. Da ta leƙo ta gan ni, da tsintsiya ta raka ni har ƙofar gida. Na gwada jaki, jaki kunne kawai ya kaɗa mani ya ci gaba da tafiyarshi. Na gwada jariri mai kuka: in na buga tsakiyar fata, inda murya ke da zurfi, sai shi yi shiru shina zare ido, in na koma gefe inda take da kaifi sai shi ɓare baki. Raƙuman Buzaye masu kawo kanwa kam har yau ban gane masu ba, wani shi bi, wani shi ƙi.

Amma duk wannan wasa ne in an zo maganar take. Duk manomin da ya yi suna shina da takenshi, wato ɗan guntun kiɗa da anka yi domin shi kaɗai, ganga tana faɗin wasu kalmomi da kowa a gari ya sani. Ka kaɗa wa mutum taken wani, ko gezau. Ka kaɗa mashi nashi, sai ka ga gashin hannunshi ya miƙe, leɓe na rawa, ido ya juye, jiki na kyarma. Shi muke kira tsuma. Wanda ya tsumu bai san gajiya ba, bai san ƙaya ba, sai an gama shi ga jini a ƙafa shi tambaya yaushe. Na taɓa kaɗa wani tsohon take a kasuwar Isa, don kawai in gwada sabuwar fata, ban san mai shi ba ma, a wurin Baffa na ji shi. Sai ga wani magidanci mutumin Burkusuma ya saki buhun da ke kanshi ya zauna daɓas tsakiyar hanya. Taken mahaifinshi ne, rabon da shi ji shi tun shina goye. Na yi ta tambayar kaina, a ina kiɗan nan ya ɓoye cikin jikin mutum duk shekarun nan? Na tambayi malamai, na tambayi wani ma'aikacin asibiti, kowa ya ba ni tashi amsa, babu wadda ta ƙosar da ni.

Take na da doka guda a wajenmu. In ka fara shi, mai shi ya kama kuyya, ba ka yanke shi sai ya kai ƙarshenta. Sau guda ake yanke take a tsakiya: in mai shi ya rasu, a gayyar farko bayan mutuwarshi, makaɗi shi fara, shi kai rabi, shi ɗauke hannu, kowa shi yi mashi addu'a. Saboda haka ka yanke wa mai rai take a bainar jama'a, ka ce mashi gawa ke nan. Ka ƙi kaɗa shi kuma alhali mai shi na tsaye da galma, ka ce mashi ya ƙare. Duka biyun babu wanda ake yafewa.

A zamanina babu mai take kamar Ɗanjimma. Ba ƙato ba ne, siriri ne mai dogon hannu, in kun gan shi a masallaci ba ku ce komai ba. Ya girme ni nesa, Yaya nike ce mashi. Takenshi gajere ne, ganga tana cewa, "Ƙasa ta jiƙa, ina mai ita? Ga mai ita." Da ya ji sai shi cira galma sama shi yi ihu guda, shi faɗa kuyya, kuma ba a taɓa wuce shi ba. Ni ma in ina bin bayanshi da ganga sai in ji kamar ba hannuna ke bugu ba.

Sai shekarun fari sunka zo, waɗanda shanu sunka ƙare a daji, Fulani sunka riƙa shigowa gari da sanda kaɗai. Lokacin Baffa ya riga ya rasu, ganga tana hannuna. Abin da na fara lura da shi fata ce. A damina ta ƙwarai iska da laima take, fata sai ta saki, sai ka shanya ta ga rana ko ka kanga ta ga wuta kafin ta yi magana. A shekarun nan kuwa ita ke ɗaure kanta, muryarta ta yi sama, ta yi tsini. Kuma na ga mutane ba su jure ta. 'Yar gayyar da anka samu anka yi, kafin hantsi sai ka ji an fara cacar baki, wannan ya taka mani kuyya, wancan ya watsa mani ƙasa. Na ce yunwa ce. Amma ranar da na guntsi ruwa na fesa wa fatar, muryarta ta sauka, sai na ga kafaɗun mutane su ma sun sauka. Yunwar tana nan inda take, faɗan ne ya ragu.

Wata rana da la'asar, ruwa ya ɗauke ya fi wata guda bayan an yi shuka, na fita bayan gida ina gwada zurfin muryar, ina buga tsakiyar fata a hankali, dum, dum, da tazara. Ban ankara ba sai na ji gari ya ɗauki hayaniya. Mata sun fito da tukwane da ƙwarya suna jerawa a tsakar gida, tsofaffi sun fito suna duban gabas, sun ɗauka cida ce, hadari ya taso. Sama kuwa fes. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta gane ni ne, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tukunyarta kawai ta ɗauka ta koma ɗaki. Mai gari ya aiko anka ce in rataye gangar sai an neme ni. Na rataye, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Can da anka fidda rai sai Allah ya kawo ruwa guda mai kyau. Yawancin gonaki sun riga sun ƙone, amma akwai gonar wani Alhaji mai fataucin kanwa, a gangaren fadama, geronta ya jure. Dole a yi mata huɗa kafin damshin shi gudu, kwana biyu in an yi sa'a. Alhaji ya kira gayya, ya ce akwai fura. Ku da ba ku ga lokacin ba ba za ku gane nauyin kalmar nan ba. Mutane anza suke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki, da ganyen tafasa. Duk mai iya ɗaga galma ya ce za shi. Anka aiko mani in sauko da ganga.

Da sassafe ina ɗaure tsarkiya sai na ji sallama daga bakin zaure. Ige ce, matar Ɗanjimma. Ba ta taɓa tako ƙofarmu ba. Ta durƙusa daga gefe, ta ja mayafi.

Ta ce, "Makaɗa, wurinka na zo, kada kowa shi ji."

Na ce, "Lafiya, Ige?"

"Maigidan za shi gayya. Don Allah kada ka kaɗa mashi abin nan nashi."

Na ce, "Subhanallahi! Kin san abin da kike faɗi kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Yau kwana shida hatsi bai shiga cikinshi ba. Ɗan abin da anka samu yara shike tura wa, shi ce ya ci a waje. Jiya ya tashi daga alwala sai da ya dafa bango. In ya ji kiɗan nan ba shi tsayawa, kai ka fi ni sani. Gawarshi za a kawo mani."

Na ce, "In na ƙi kaɗawa kuma shina tsaye, kin san mi na yi mashi gaban mutane."

Ta ce, "Ni dai na gaya maka. Hannunka ne." Ta tashi ta tafi.

Na rataya ganga na tafi gonar. Dabarar farko da ta zo mani ita ce fura. Na ja Alhaji gefe na ce bana a sauya tsari, a ba mutane fura kafin aiki, ba sai rana ta take ba. Mutumin kirki ne, ya yarda. Kowa ya sha. Ɗanjimma ya karɓi tashi, ya juye ta cikin gora ya toshe, ya rataye ga reshe. Na ce, "Yaya, ba ka sha?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaushe ka taɓa ganin na sha kafin kuyyar farko?" Na san ta yara ce ya aje.

Anka ja layi. Na fara da kiɗan kowa da kowa, na kaɗa taken wannan, na kaɗa na wancan, har na wani da rabon da a kaɗa mashi an manta. Ina ta jan lokaci ko rana ta yi zafi a tashi. Shi kuwa shina tsaye bakin gona, galma bisa kafaɗa, bai kama kuyya ba, jira shike. Mutane sunka fara waiwaye. Wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Makaɗa, ka manta da mai ita ne?" Na ga muƙamuƙin Ɗanjimma ya motsa. Nan na san babu mafita. Na guntsi ruwa daga gorata na fesa wa fatar har sau biyu, na shafe da tafin hannu, na yi bisimilla a zuci, na saki takenshi.

Jama'a, ikon Allah! Mutumin da jiya ya dafa bango, sai ga shi ya cira galma sama da hannu guda, ya kurma ihu, ya faɗa kuyya kamar an harba shi. Sauran sunka kama sababbin kuyyoyi gefe da gefe, sunka rufa mashi baya. Kuyyar gonar nan doguwa ce, tun daga bakin hanya har gindin wata tsamiya can ƙasa. Na bi shi, ganga a gaba, ina kallon ƙeyarshi. Ba mu yi nisa ba na ga abin da nike tsoro. Kowa ya jiƙe da zufa, shi bayan wuyanshi a bushe ƙamas. Nishinshi kuma ya fara rigan saran. Ƙafafunshi na rawa, amma hannu bai sani ba, hannu kiɗa shike bi.

In yanke, na kashe shi da rai. In ci gaba a haka, ba shi kai tsamiya. Sai na ce a raina, abin da ke ja gaba ai ya kamata shi ja baya. Ban taɓa gwadawa ba, Baffa bai taɓa ce mani ana yi ba, makaɗin noma sauri anka san shi da shi. Na liƙe wa galmarshi tukuna, inda ta faɗi nan gula ta faɗi, har na ji mun zama abu guda. Sannan na riƙa makara, kaɗan, kamar faɗin gashi. Ya sara, ni ban iso ba. Sai na ga galmar ta ɗan tsaya a sama tana jira na. Na ƙara makara. Ta ƙara jira. Don kada kunne shi ji giɓi sai na cika tsakanin da ƙananan bugu a gefen fata, na ƙara ƙarfin duka, kiɗan ya yi kamar ya fi ɗazu zafi alhali tafiyarshi ta ragu. Na saci kallon layi, duk galmomin sun sauka tare da ni, samarin da ke iya wuce shi cikin taki goma suna nan bayanshi, babu wanda ya san an rage mashi gudu. 'Yan kallo na ta ihu. Numfashin Ɗanjimma ya fara daidaita. Na ce alhamdu lillahi.

Ashe na manta da Nomau.

Nomau kurma ne tun haihuwa, ba shi ji ba shi magana, ga shi da ƙarfi kamar ingarma. A gayya da wutsiyar ido shike kallon kafaɗun na kusa da shi shina bin su, shi ya sa ban taɓa sa shi a lissafi ba. Ran nan fura ta shiga cikinshi bayan doguwar yunwa, ya sunkuyar da kai ƙasa, ba shi kallon kowa. Kuyyarshi ta huɗu ce daga hannun daman Ɗanjimma. Na ɗaga ido na gan shi shina tafe da gudunshi na asali, ya bar layi, saura kaɗan shi yi kafaɗa da Ɗanjimma. In Ɗanjimma ya ga inuwar mutum ta wuce shi, babu kiɗan da za shi riƙe shi, sai ya fashe zuciyarshi.

Kira ba shi da amfani, ga hannuwana duka biyu a cikin aiki. Makaɗi kuma ba shi barin bayan mai take, amma ran nan na bari. Na tsallake kuyya uku ina bugu, ina tattake huɗar mutane, wani har ya zage ni. Na isa bayan Nomau na matsa har kangon ganga ya kusa taɓa haƙarƙarinshi, na riƙa nausa tsakiyar fata da iyakar ƙarfina. Wallahi ban san ko za ta yi ba, jaririn nan kawai na tuna da yadda zurfin murya ke kama shi. Nomau ya yi tsaye cak. Ya waiwayo a firgice. Ya dubi gangar, ya ɗora tafin hannu bisa ƙirjinshi, na buga, ya zabura. Na sake bugawa. Sai ya buɗe baki ya yi wata irin dariya tashi mai kama da kuka. Shekarunshi duka shina ganin ana dukan abin nan daga nesa, bai taɓa sanin tana taɓa mutum ba. Ya ɗaga galma shina kallon hannuna, ya jira, na buga, ya sara. Ya sake jira. Daga nan har tsamiya bai ƙara rigan gulata ba, shina sara shina dariya, ni kuma ina tsakaninsu ina kaɗa wa mutum biyu, ɗaya da kunne, ɗaya da ƙirji.

Ɗanjimma ya isa tsamiya gaban kowa da tsawon ƙotar galma. Mata sunka rangaɗa guɗa. Na rufe take yadda ake rufe shi. Ya ɗaga galma za shi yi kirari, murya ta ƙi fita, ya zame ya zauna jikin itacen. Ige ta keto cikin maza, abin da ba a yi, ta ciro gorar nan daga reshe ta tsaya a kanshi sai da ya sha. Alhaji ya sa anka kai wa yaran wata furar. Mako guda Ɗanjimma ya yi kwance, amma ya tashi, kuma ya rayu har ya ga jikoki.

Da ya fara fita na je gaishe shi. Shina zaune bisa tabarma ƙofar gida, bayan la'asar. Munka gaisa, sannan ya ce, "Makaɗa, ka ja mani kiɗa."

Na ce, "Haba Yaya, fata ce ta yi laima."

"Wa ya jiƙa ta?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Wajen rabin kuyya na ji galma ta yi mani sauƙi. Na ce ƙarfina ne ya dawo, har na ji daɗi. Sai kusa da tsamiya na kasa kunne." Ya dube ni. "Tun da anka yi mani taken nan ban taɓa kasa mashi kunne ba sai ran nan."

Na ce, "Ka yafe mani, Yaya."

Ya ce, "Ban ce ka yi laifi ba." Ya kawo wata magana, ta farashin akuya.

Bayan shekara biyu ruwa ya dawo sosai, rumbuna sunka cika, mutane sunka mayar da jiki. Anka kira babbar gayya a gonar mai gari, har daga ƙauyukan ƙetare an zo kallo. Ɗanjimma ya zo ya murmure, wuyanshi ya cika, ya fi da ƙarfi in ka tambaye ni. Na sa sabuwar fata, na shanya ta ga rana har ta yi ƙarau. Na ce yau za ni biya shi abin da na rage mashi. Ya tsaya bakin gona da galma bisa kafaɗa, na saki takenshi, na kaɗa shi yadda ban taɓa kaɗa shi ba, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Bai cira galma ba. Ya karkata kai gefe guda, ido a ƙasa, shina saurare. Na dubi hannunshi, gashi na kwance. Na maimaita, na sake maimaitawa. Sai ya tako a hankali har inda nike, ya matso da bakinshi kusa da kunnena don kada wani shi ji.

Ya ce, "Wanga na gaske ne, ko irin na ran nan?"

Hannuna bai tsaya ba, amma idona ya kawo ruwa. Na ce, "Wallahi Yaya na gaske ne."

Ya ƙara saurare kaɗan, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "To. Ya yi daɗi."

Ya sauke galma daga kafaɗa, ya nemi kuyya a tsakiyar layi, ya sunkuya tare da kowa.